Tukunyar da Ba a Bari Ta Huce Ba

Da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinmu, aka zube mu wajen Bebeji, iyayen innata kuwa suka yi Doguwa. A da, mace in ta haihu gidansu take tafiya wanka, sai yaro ya yi ƙwari ta dawo. To yanzu ina gidan? Goyo bai fara zama ba wani cikin ya shiga. Inna ta haihu, ta sha da ƙyar.

Iya Abu, mahaifiyar babana, tana gani. Amma uwa ba ta yi wa ɗanta irin wannan magana, balle ɗan fari. Sai dai bayan magariba ta tara mu bakin murhu, tana gasa mana rogo.

"Ku matso, ga wata nan tafe."

Wai wani mutum aljana ta ba shi tukunya, kome ya ambata sai ta dafa. Sharaɗi ɗaya: in ya kwashe, ya sauke ta ta huce. Ya ji daɗi, ya kwashe tuwo ya ce dambu, ya kwashe dambu ya ce nama. Tukunya tana ta ƙara, shi yana tura itace. Rannan gindinta ya tsage, abinci ya bi toka, 'ya'yansa suka kwana da yunwa.

Tana faɗa tana ɗaga murya wajen zana, inda Baba ke ɗinkin tarun kamun kifi.

Na ce, "Iya, ai kin ba mu wannan jiya!"

"Ci rogonka, ɗan nema. Wanda bai ji jiya ba ya ji yau."

Baba bai ji ba. Ciki na gaba ya tafi da Inna. Daga aji huɗu aka cire ni na koma rainon ƙanne.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Daga baya na gane har Iya ina jin haushi. Tana da gaskiya, ta naɗe ta cikin tatsuniya.

Bara aka yi wa 'yata Hadiza tiyatar haihuwa. Malamar asibiti ta ce jikinta na son hutu, akwai 'yar robar tazarar haihuwa da ake sawa a dantse kafin sallama. Hadiza na so. Mijinta Sani ya ce sai ya yi shawara.

Na kira shi bakin ƙofa, ya durƙusa.

"Baba, ai wannan maganar ba..."

"Na san ba ta suruki ba ce. Shiga ka ce ka yarda. Ina nan tsaye."

Ya shiga. Har yau ba ya iya haɗa ido da ni. Kada Allah ya sa ya haɗa. Hadiza dai tana nan tana goyonta.