Tirena a Hannun Taubashina

Na daɗe ina suyar kifi a bakin dam ɗin Goronyo kafin taubashina, ɗan ƙanwar babana, ya kafa rumfa kusa da tawa. Ni na koya masa komai, tun daga tsaga kifin har haɗin yaji. Shi ya sa abin da ya biyo baya ya tsaya mini a rai.

Wata rana da rani wasu baƙi 'yan Ghana da suka je ziyara Wurno suka biyo su ga ruwa. Suka ci kifina har da suɗe yatsu. Wata mata a cikinsu ta ce, ta bakin direbansu, tana so ta ɗauki hotona ta sa rumfata a taswirar waya, duk baƙon da ya nufo dam ya san inda zai ci. Ni kuwa rigata duk mai, ga zuciya a kusa. Na ce ni ba abin kallo ba ne. Sai ta juya wajen taubashina. Ya gyara hula, ya washe baki, har ya ari tirena cike da kifi ya riƙe. Ta ɗauke shi hoto, ta sa rumfarsa a taswirar.

Daga nan na fara sanin halin baƙi, don na samu lokacin zama ina kallonsu suna wuce ni. 'Yan Ghana ba sa kai loma sai waya ta fara gani. 'Yan Sudan sai sun tsaya sun karanta abin da wasu suka rubuta, su dubi hoton, su dubi fuskata, su yi gaba. Wani Bature ya ce ya kashe wayarsa ne don ya huta da ita. Na ji sanyi, na kaɗe masa benci, ashe tun a masauki ya duba inda zai ci.

Taubashina kuwa kullum sai ya leƙo ya ce in na gaji da gadin kifi in miƙo ya sayar mini. Wasa ne tsakaninmu, dole in yi dariya. Amma hassada nake yi masa, ba zan ɓoye ba. Ƙarar mansa a kasko ma haushi take ba ni.

Ana nan sai wani dattijo daga Nijar ya zo kai tsaye rumfata. Ya ce su a wajensu masunta ake tambaya wa ke sayen kamun safe, kuma ni aka nuna masa. Ya ci a natse, ya wanke hannu, ya ce tun daga gida bai ci kifin da ya kai wannan ba.

Na matsa kusa, na rage murya don kada a ji a rumfar maƙwabta.

"Baba, don Allah ka sa maganag ga cikin waya."

"Mi za ni sawa, ɗana?" Ya zaro wata 'yar waya ɗaure da roba. "Wagga ba ta komi sai kira da tocila."

Ya sa mini albarka ya tafi. Yabon nan ni kaɗai na ji shi.

Washegari na zo da wankakkiyar riga, na rataye ta a jikin rumfa, ko da wani zai nemi hotona. Ta daɗe a nan har rana ta ci launinta, ba wanda ya sake tambaya.