Likitan da Ya Ce In Kawo Ta da Dattinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran likitan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin unguwarmu, bayan jinyar kwana tara.

Likita, ni ba mai yawan yabo ba ce, 'ya'yana shaida ne. Abin da na gani shi zan rubuta.

'Yata Auta tana da shekara bakwai na kawo maka ita. Kunnenta na hagu ya riga ya mutu, na dama yana zubar da ruwa, kuma shi kaɗai ya rage mata. Kafin nan ta sha duka a hannuna, don in na kira ta sai ta yi banza da ni. Na ɗauka taurin kai ne.

Ka nuna min wani ɗan gilashi da bai fi farcen babban yatsa ba, mai hanyoyi a ciki sirara kamar gashi. Ka ce ɗigo ɗaya na ruwan kunnen ake sa masa, ya rarrabu cikin hanyoyin, kowace da nata magani, a ga wanda ke kashe ƙwayar cutar, a daina lalube. Da ka leƙa kunnen sai ka tarar da shi fes. Na goge shi da auduga tun daga gida, har na ɗiga magani, don ba a koya min kai 'ya gaban mutane da ƙazanta ba. Ka ce mu dawo, kada in taɓa shi. Muka dawo, na sake gogewa.

A zuwa na uku ka ajiye 'yar fitilarka, ka ce, "Maman Auta, tsabtarki ta fi ƙarfin na'urata. Ki kawo min ita da dattinta, ko ki shirya yi mata magana da hannu."

Ban ji daɗi ba. Ni ke faɗa, ba a yi min. Amma na kama hannuna kwana uku. Da muka koma asibiti, na zauna a bencin layi, ruwan yana gangarowa har wuyan rigarta, mata suna kallona ina kallon bango. Washegari gilashin ya nuna maganin da na shekara ina ɗigawa ba ya ko taɓa cutar. Ka canza shi. Cikin mako uku kunnen ya bushe.

Iyaye mata, yaron da bai amsa kira ba, a duba kunnensa kafin a ɗaga hannu. Kuma kunyar idon mutane ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Ban taɓa yi maka godiya yadda ya kamata ba. Auta ce ta ɗauki waya lokacin da nas ɗinka ta kira. Da kunnen daman nan ta ji labarin rasuwarka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka da abokan aikinka haƙurin rashi. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.