Tsayuwar Tuta a Hanyar Maraɗi

Ranar Talata, cikin watan Oktoban 1977, da ƙarfe biyar na asuba na fita daga gidanmu da ke Wambai, a garin da a lokacin muke kira Abuja, Sulejar yau. Inna da maƙwabcinmu Malam Bitrus, malamin Faransanci a sakandare, su suka raka ni tasha. Ina hutu ne daga aikin karanta labarai a rediyo saƙo ya iso cewa jandarmomin Nijar sun tsare yayana Isa, direban motar doya, a wani ƙauye bayan iyaka. In wani nasa bai je ba kafin Juma'a, za a wuce da shi kurkukun Maraɗi. Laifinsa kuwa, mai kawo saƙon bai sani ba.

Malam Bitrus bai iya fassara Faransanci da Hausa ba, sai da Turanci. Haka muka yi ta bita a hanya: frère shi ne brother, demain tomorrow, drapeau flag, libérer kuma release.

Na ce, "Malam, me zan yi da tuta?"

Ya ce, "Riƙe dai. Kalma ba ta da nauyi a aljihu."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Garba, kada ka dawo mini kai kaɗai."

Kaduna zuwa Katsina

Mun shiga Kaduna da hantsi, na sauya mota, muka bi ta Zariya da Funtuwa. A hanya na gwada kaina, na gano inda matsalar take. Kowace kalma sai ta bi ta Turanci kafin ta iso Hausa, kamar fasinjan da dole ya sauka a kowace tasha. A ɗakin labarai hakan ba komai ba ne. A gaban mai bindiga fa? Mun isa Katsina bayan magariba. Na sayi tuwo da miyar kuka, rabi na iya ci, na kwana a ɗakin baƙi na tasha.

Iyaka

Laraba da safe na shiga wata tsohuwar Fijo a Jibiya. Direban Bamaraɗe ne mai suna Mamman. Hausarsa tamu ce, sai dai inda muka ari Turanci su Faransanci suka ara. Kwastan ɗinmu shi ne duwan, lori kamyo, makaranta lakwal. Da ya ji inda za ni, ya daina dariya.

"Mai kamyon doya? Ai kowa ya ji. Ana sauke tuta ya danno har gaban ofis yana ta hon. Da aka tare shi, ya leƙo ta taga yana dariya yana sori sa, sori sa."

"Shi ke nan laifin?"

"Kai ɗan Ingilishi, nan ba ƙasarku ba ce. Ƙarfe shida in ka ji usur, ko kunama ce a wandonka ka sandare. Mota ta tsaya, jaki ya tsaya, mai tafiya ya tsaya, har tuta ta sauka."

Shinge uku muka wuce. A kowane, jandarma ya juya takardata ya yi tambaya, ni kuwa kafin amsa ta gama zagayenta a kaina har ya ɗaure fuska. Mamman ke cewa, "Baƙona ne, shef," mu wuce.

Ofishin jandarma

Mun isa da azahar muka tarar an rufe, domin ma'aikatansu ba sa komawa aiki sai la'asar. Na zauna gindin wata bedi ina kallon motar Yaya a gefen fili, ƙudaje sun rufe ta, warin ruɓaɓɓiyar doya ya cika wurin. Sai dab da shida aka yi mini alama in zo.

Ina tsakiyar fili usur ya tashi. Na tsaya cak, jaka a hannun hagu. Mai tallan ruwa ta tsaya da tulu a ka. Sai na ji murya daga wata ƙaramar taga mai ƙarafuna a damana.

"Garba! Garba, kai ne? Garba!"

Muryar Yaya ce, ta dushe. A baranda kuma shugaban ofishin na tsaye, hannu a goshi, amma idonsa a kaina yake. Yaya ya sake magana, yanzu kamar mai kuka.

"Ba ka ji na ne? Ni ne Isa!"

Ban juya ba. Na kafa ido a kan igiyar tutar, gumi na bin bayana. A rediyo na saba da jiran jar fitila ba tare da na yi tari ba, amma ban taɓa jin minti mai tsawon wannan ba.

Da aka naɗe tutar aka shigar da ni. Na fitar da jimlar da na haddace, da muryar da nake karanta labarai: "Je viens pour mon frère," wato na zo ne saboda ɗan'uwana. Shugaban ya yi ta zuba Faransanci. Kalma biyu kawai na cafke, drapeau da demain. Libérer da nake jira ba ta zo ba. Da ya ga ban gane ba, ya jingina da kujera ya koma Hausa, da karin harshen Zabarmawa.

"Ya kira ka sau nawa?"

"Sau uku, ranka ya daɗe."

"Ba ka amsa ba. Uwa ɗaya ta haife ku?"

"Uwa ɗaya."

"Gobe da safe za a ɗaga tuta, zai tsaya kusa da kai. In ya tsaya, ka tafi da shi. In ya motsa, Maraɗi."

Alhamis

Mamman ya dawo ya kai ni gidan ƙanensa, ban yi barcin kirki ba. Da safe aka fito da Yaya, zazzaɓi na kaɗa shi, leɓɓansa sun tsage. Ya dube ni ya ce, "Kai, jiya kurma ka zama?"

"Yaya, don Allah, ko me ka ji kada ka motsa."

Usur ya tashi. Ta gefen ido nake kallonsa. Ƙuda ya sauka a leɓensa, ya yi ta yawo. Kafaɗarsa ta fara karkatowa wajena, ba ni kuma da ikon miƙa hannu. Tutar ta kai rabi, igiyar ta sarƙe, jandarman ya yi ta girgiza ta. Na ji numfashin Yaya na fita ta haƙora. Daga nan igiyar ta warware, tutar ta kai sama. Usur na biyu na tashi Yaya ya zube a ƙasa.

Shugaban ya sauko ya dube shi, ya dube ni, ya ce da na kusa da shi, "Libérez-le." Wannan kam ba ta bi ta Turanci ba: a sake shi.

Gida

Doyar mun zubar a bayan gari. Wani direba ɗan Jibiya ya tuƙa motar, Yaya na kwance a baya. Mun iso Wambai ranar Asabar da la'asar, muka tarar da Inna zaune a ƙofar zaure. Ta shafa fuskarsa, sannan ta ce a kawo mata abinci, domin tun tafiyata ba ta ci na kirki ba. Na gode wa Allah, na gode wa Mamman da Malam Bitrus.

Yaya bai sake kai doya Maraɗi ba. Wata biyu bayan haka muna wucewa ta filin ƙwallo a Kurmin Sarki, alƙalin wasa ya busa usur, Yaya ya tsaya cak a tsakiyar titi.