Yadda Ƙanena Ya Zama Mahama Kramo

Haƙƙin ɗalibi ne a kan makarantarsa ta rubuta sunansa da na ubansa yadda aka raɗa, ba yadda kunnen mai rubutu ya ji ba. Saboda an tauye wannan haƙƙi nake gabatar wa dattawan Zango masu kula da karatun 'ya'yanmu labarin tafiyarmu Ankara, babban birnin ƙasar nan, ni da ƙanena Sani. Wata kwaleji a Masar ta ba shi gurbin koyon haɗa magunguna, da sharaɗin ya iso kafin a buɗe aji, in ya makara sai baɗi. Jirgin ruwan da zai kai shi a kan lokaci zai tashi daga Takoradi ran Asabar. Biza kaɗai ta rage mana.

Litinin: Kumasi zuwa Ankara

Mun bar gida a Aboabo ƙarfe biyar da minti goma, bayan sallar asuba. Jirgin ƙasa ya ɗaga shida da rabi. Muna wuce Konongo na ce wa Sani ya miƙo takardunsa in jera su bisa tsari. A gida ya kamata in yi wannan aiki, ban yi ba, kuma ba na neman a yi mini uzuri.

Takardar kwaleji, wadda ni na rubuta neman ta, ta ce Muhammadu Sani Abdullahi. Fasfo ya ce Mamman Sani. Takardar gama makaranta kuwa ta ce Mahama Kramo.

"Wane ne Mahama Kramo?"

"Ni ne, Yaya. Shekara goma haka ake kirana a aji."

"Kana amsawa?"

"Wanda bai amsa ba bulala shida. Da kai ne fa?"

Lokacin da aka sa shi makaranta ina aiki a Tamale, ban taɓa jin sunan ba. Mahama dai na gane, haka bakin Asante ke juya Muhammadu. Kramo kuwa a Twi, harshen Asante, Musulmi ake nufi, ko malami. Na yi ta juya abin a raina: wa ya ba mahaifinmu wannan suna? A Nsawam muka sayi burodin sisi, muka shiga Ankara huɗu da kwata. Muka sauka a Sabon Zango gidan Alhaji Garba mai goro, abokin marigayi mahaifinmu, aka kawo mana dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi.

Talata: ofishin biza

Ƙarfe takwas muna bakin ƙofa, sha ɗaya saura kwata aka kira mu. Jami'in mutum ne mai natsuwa, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya shimfiɗa takardun uku a tebur, ya ɗora hoton Sani a tsakiya.

"Mutum uku nake gani da fuska ɗaya. Wanne zan ba biza?"

Na bayyana masa cewa Mamman da Muhammadu suna ɗaya ne a wurinmu. Ya karɓi wannan. Sai ya sa yatsa a kan Kramo, ya ce ko dai uban yaron Abdullahi ne, ko Kramo, ko kuwa takardar ta wani ce aka aro. Sai mun kawo shaidar wanda ya rubuta sunan da hannunsa, sannan a yi rantsuwa gaban alƙali.

Sani ya ce malamin da ya shigar da shi, Masta Ofori, ya yi ritaya yana noman koko a Nkawkaw.

Laraba: Ankara zuwa Nkawkaw, kimanin mil ɗari

Mun hau mota mai bodin katako ƙarfe shida, sule bakwai kowa. Direban Bamoshe ne, Hausar Zango a bakinsa. A shingen 'yan sanda bayan Suhum aka tsayar da mu minti ashirin ana duba lasin. Da ya dawo ya leƙo ya ga ina rungume da jakar takardu.

"Kramo, takarda naka ya fi nawa yawa, ga shi kai ma ba ka wuce ba!"

Fasinjoji suka yi dariya. Ni ma na yi, don ashe duk mai hula a motar nan Kramo ne.

Mun sami Masta Ofori ƙarfe ɗaya yana juya koko a kan tabarmar shanya. Ya gane Sani nan take. "Mahama! Akwaaba!" Maraba ke nan a Twi. Matarsa ta kawo ruwa da ayaba. Da na faɗi abin da ya kawo mu, ya ce ya tuna ranar sarai.

"Mamanku ce ta kawo shi. Na ce sunan yaro, ta ce Mamman, na rubuta Mahama. Na ce sunan papansa, sai ta rufe fuska da mayafi. Na tambaya sau uku. Na uku ta ce, Malam. To Malam a bakinmu ai Kramo. Na ɗauka ta manta sunan mijinta, na ji tausayinta ma."

A nan abin ya warware mini. Innarmu ba ta taɓa furta sunan mahaifinmu ba, ko a ɗakinta, balle gaban baƙo. Ni ɗan farinta ma har yau "wannan" take ce mini. Na bayyana masa alkunya, ya riƙe baki.

"Ei! To ai na yi wa yara da yawa haka. Duk wanda mace ta kawo."

Ya rubuta shaida shafi guda da kyakkyawan rubutu, ya sa hannu, ya hana mu tafiya sai da muka ci fufu. A Zangon garin muka kwana, gidan liman.

Alhamis zuwa Litinin: Ankara

Mun dawo Alhamis da la'asar, ofisoshi sun tashi. Jumma'a ƙarfe goma Sani ya yi rantsuwa cewa shi ne su ukun. Magatakardan kotu ya ce, "Yi sau uku mana, kowa ya samu tasa." Ban ga abin dariya ba. Muka kai takardar ofishin biza sha biyu da rabi, aka ce mai sa hannu ya tafi masallaci, sai Litinin.

Ran Asabar Sani bai fita ba. Ya zauna a zaure yana kallon akwatin da ya ɗaure tun Kumasi. Alhaji Garba ya ce masa, "Ɗana, jinkiri ba rashi ba ne." Sani ya ce, "Haka ne, Baba."

Litinin ƙarfe tara da minti biyar aka buga bizar, aikin da bai kai minti huɗu ba. Jirgi na gaba sai bayan wata guda. Na buga waya kwaleji, amsa ta same mu kafin mu taso: an ajiye masa gurbi zuwa baɗi.

Talata: komawa gida

Mun iso Aboabo biyar da rabi na yamma. Inna na tsakar gida tana tsintar wake. Na ba ta labari tun daga Konongo har Nkawkaw, a hankali, don kada ta ɗora wa kanta. Da na gama ta ɗago kai.

"To da sai in kama sunan Malam a gaban Asante?"

Ni kuwa ba na son ranar da za ta kama shi.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Alhaji Garba, da limamin Nkawkaw, da Masta Ofori wanda ya faɗi gaskiya a kan kansa ba tare da an matsa masa ba.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon dattawa cikin ladabi su naɗa mutum biyu masu karatu su zaga makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa, daga unguwar Akwatialine zuwa Tafo, su nemi izinin duba rajista, su fitar da sunan duk yaron da aka rubuta Kramo ko Malam a gurbin ubansa, a gyara tun bai kai ga neman fasfo ba. Ina kuma roƙon a nemi shugabannin makarantu, in uwa ta kawo ɗa ta yi shiru a kan sunan miji, kada a cike gurbin da tsammani, a aika gida a tambayi kawu. Jiya na tambayi gidaje bakwai na layinmu, na sami Kramo uku. Ɗaya yana ajin ƙarshe, kuma ya ce likita yake son zama.