Gizlan Mai Gangunan Yumɓu

Gizlan ƙanwata ce, ita ce autar gidanmu, kuma a unguwar Tudun Magina nan garin Asfi ba wanda zai ce bai san muryarta ba. Mahaifinmu, Si Mubarak, maginin yumɓu ne kamar ubansa. Tukwanen miyar tajin da akusan kuskus su ke riƙe da gidan, amma duk shekara idan Ashura ta matso sai ya ajiye su ya koma ginin ta'arija, 'yan gangunan yumɓun nan da mata da yara ke kaɗawa. Ni aikina gashi ne, ni ke kula da tanderu. 'Yan mata kuwa a gidan magina zane suke yi da shafa kala. Gizlan ta yi zanen har ta iya, sai wata rana Baba ya dawo daga sallar la'asar ya tarar da ita zaune a kan faifan juyi na ginin tukwane, ƙafarta da ƙyar take kaiwa, yumɓu har a gira.

"Wa ya ce ki hau nan?" in ji Baba.

Ta ce, "Ba wanda ya ce kar in hau."

Ya ɗauki abin da ta gina, ya jujjuya shi, ya ce bakin ya karkace. Bai ce ta sauka ba, ita ma ba ta sauka ba.

Shekarar da ta gama sakandare muna da kwalayen ganguna jibge a lungu, ragowar Ashurar da ta wuce. Bikin kiɗa na garin Sawira ya zo, ɗan kawunmu Sufyan zai tafi da tsohuwar motarsa ta dakon kifi, ƙawarta Ikram ma za ta bi. Gizlan ta ce a ba ta kwalayen.

Baba ya yi dariya. "Wane mahaukaci ne zai sayi ta'arija a tsakiyar bazara?"

"Ba talla zan yi ba, Baba. Kaɗawa zan yi. Wanda ya ji zai tambaya."

Haka kuwa aka yi. Sufyan ya ba mu labari cewa a bakin ƙofar gari ta zauna ta fara kaɗawa, Ikram na tafa mata, kafin azahar mutane sun kewaye su, 'yan Dar Baida da 'yan Fas da Turawa, kowa na son ya taɓa. Ta dawo gida ba kwali, ba murya, kuma da takalmi ƙafa ɗaya. Mahaifiyarmu, Lalla Zuhra, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ina ɗayan?" Gizlan ta nuna kudu da hannu, don maganar ba ta fita.

Daga nan rayuwarta ta rabu gida biyu. Lokacin sanyi tana rumfar aikinmu tun safe, waya a aljihun riga, kiɗa a kunne, ƙafa na juya faifai. Da rana ta aiki a sayo mata burodi da soyayyen kifin sardin, ta ci a tsaye. Ran Juma'a kaɗai take zama cin kuskus da mu kamar mutum. Da zafi ya shigo kuwa sai ta zama baƙuwa a gidan. Yau Sawira, gobe Agadir, jibi wani ƙauye a bakin hamada da ni ban taɓa jin sunansa ba. Ta san inda ake samun ɗakin haya mai tsabta, ta san wace mota ce ba ta fasa kaya, ta san masu gadin dandamali da sunayen 'ya'yansu. Idan makaɗan gargajiyar nan da ake kira Ginawa suka fito da ƙarafan kiɗansu, ita ce a sahun gaba. Ba ta taɓa hawa dandamali ba, ba ta kuma taɓa so ba. Ta ce daga ƙasa kiɗa ya fi daɗi.

Maƙwabta sun yi magana, ba a rasa ba. Wata rana a gidan wanka wata tsohuwa ta ce wa Mama 'yarta ta zama 'yar tasha. Mama ta dawo ranta a ɓace, ta zauna ta ƙi shan shayi. Gizlan ta durƙusa gabanta ta kama hannunta.

"Mama, Sufyan na tare da ni, sallata ba ta wuce ni, kuma duk inda na sauka ina kiranki. Me ya rage?"

"Miji ya rage," in ji Mama.

"Shi ma zai zo. Ba a tasha zan tsince shi ba, ki kwantar da hankalinki."

Mai kawo mana fatar ganguna wani majemi ne, Abdilhak, dogon saurayi mara magana da ke zuwa a kan babur da fatun awaki a ɗaure a baya. In ya gaishe ka ya sauke kaya, to ya gama zancen ranar. Wata shekara gangunanta suka saki a Agadir saboda laimar teku, sauti ya mutu. Ta dawo ta tare shi a ƙofar rumfa.

"Si Abdilhak, fata ka kawo mini ko tsumma?"

Ya ce, "Fata ce."

"To akuyar ta mutu da baƙin ciki, don ko kuka ba ta yi."

Ni da Baba muka ƙunshe dariya. Abdilhak kuwa ya hau babur ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da wasu fatun da ya jeme daban, masu ɗan kauri. Ta ɗaura ɗaya, ta bar ta a kan rufin gida ta sha raɓa, ta kaɗa, sai ga sauti tangaran. Ta ce, "Yanzu ka yi aiki." Ya ce, "To." Tun daga ranar sai muka lura fata ta daina yanke mana. Ko ba a aika ba, Abdilhak zai zo da guda biyu ko uku, wai a gwada. Ya zauna a kan buhun yumɓu ya sha shayi, ita tana ta zuba masa labarin bukukuwa, shi yana gyaɗa kai.

Shekaru suka tafi, abokan tafiya suka fara raguwa. Ikram ta yi aure ta koma Dar Baida. Sufyan ya sayar da motar ya tafi Sifen aikin gona. Gizlan ba ta fasa ba, ta koma shiga motar haya da kwalayenta, ta yi sababbin ƙawaye da suka girme ta da waɗanda ta girma. Har wasu makaɗa suka ce ta bi su Faransa ta riƙa sayar da kayanta a wuraren wasansu. Ta ce musu yumɓunta a Asfi yake.

Sai wata bazara, tana da shekara ashirin da shida, ta tafi Sawira kamar kullum, ta bar mini wasu sababbin ganguna masu koren shafe in gasa mata. Biki bai ƙare ba sai ga ta da hantsi a bakin tanderu, jaka a kafaɗa.

Na ce, "Lafiya? An kore ki ne?"

"Wa zai kore ni? Yaya Anwar, ka buɗe in gani."

"Bai huce ba. Me ya dawo da ke?"

Ta zauna a kan itacen wuta ta cire takalmi. Ta ce jiya da yamma tana tsakiyar taro, makaɗa na wucewa, kowa na tsalle, ita ma tana yi, sai ta ji hankalinta duk yana nan, ko na cika wuta, ko koren ya fito. Ta ce ta tsaya ta saurari kanta, ta ga ba gajiya ba ce, ba ɓacin rai ba ne.

"Ƙoshi ne," in ji ta. "Na ci, na ƙoshi, na gode Allah. Yanzu ina son wurina."

Koren ya fito, ya yi kyau. A makon ta nemi Baba ya ba ta tsohuwar rumfar kakanmu da ke bakin hanya, wadda muka mayar ma'ajiyar tarkace. Ya ce rufin na yoyo. Ta ce ta gani, ta riga ta yi magana da kafinta. Ta share ta da hannunta, ta shafa farar ƙasa, ta jera gangunanta. Da aikin ya kammala sai ta same ni ni kaɗai.

"Yaya, ka gaya wa abokinka ya daina cika mana gida da fata. In magana ce a bakinsa, ya turo manyansa."

Na isar da saƙo. Abdilhak ya ce, "Jibi ya yi?"

Sun zo neman aure da sukari da madara da dabino kamar yadda aka saba. A gaban kowa Gizlan ta ce tana da sharaɗi guda: sau ɗaya a shekara za ta je Sawira. Mahaifiyar Abdilhak ta dubi ɗanta. Ya ce shi zai kai ta. Yana kuwa kai ta. Ita ta shiga taro, shi ya wuce bakin tashar jiragen ruwa ya zauna cin gasasshen kifi da masunta har ta gama, don ya ce hayaniya na sa masa ciwon kai.

Yanzu suna zaune a ɗakuna biyu a saman rumfar. Mata biyu na yi mata zane, masu shaguna daga Marrakish kuma su ke zuwa da kansu ɗaukar kaya. Da cikinta ya tsufa ta kasa sunkuyawa kan faifai, sai ta zaunar da Abdilhak a wurin, ta ja kujera gefensa tana ba da umarni. Abin da ya fara ginawa bai yi kama da ganga ba, bai yi kama da tukunya ba. Ta ce in gasa shi haka nan, za ta riƙa zuba gishiri a ciki. Ta haifi 'ya mace a farkon sanyi, aka sa mata Wi'am, kuma kafin arba'in Gizlan ta sauko rumfa da jaririyar a goye tana faɗa da direban da ya kawo yumɓu mai tsakuwa.