Ranar da Na Duba Idon Mama

A gidanmu, can bayan Madakiya, ba a ba baƙo ruwa sai Mama ta duba idonsa. In ka girme ta, ko ku sa'o'in juna ne, to ka tsira. Amma in ɗalibi ne kai da ya dawo hutu, ko amarya, ko mai jego, tun kana cire takalmi za ta kama haɓarka, ta juya fuskarka wajen rana, ta sa babban yatsa ta ja fatar idonka ta ƙasa. In ta ga ja, sai ta sake ka ta ce, "To, sannu da zuwa." In ta ga fari, sai ta yi tsaki, ta kira sunan Ubangiji, ta nufi rumbu.

A ƙarƙashin rufin rumbun take rataye karan dafi. Wata irin dawa ce da ba a shuka ta don tuwo. Layi ɗaya tak Mama take yi mata a gefen gonar citta. In kaka ta yi, sai ta ɓare jan ɓawon da ke lulluɓe da karan, ta shanya, ta ɗaure ƙulli-ƙulli. Kaɗan take jefawa a tukunyar ƙasa, da 'yar kanwa kamar ƙwayar masara, da ɗanyar citta da ta daddaka. Kafin ruwan ya tafasa ya koma ja wur, har da duhu-duhu. Ta tace, ta zuba zuma in akwai, in babu haka za ka sha. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, har kwana bakwai. Ba shi da ɗaci sosai, sai dai yana ɗaure harshe, kuma yakan rina baki. A coci, in aka tashi yin waƙa, kana iya gane waɗanda ke hannun Mama a makon nan.

Ina aji huɗu a sakandare na dawo hutu da ilimi a kaina. Na ce mata malaminmu ya ce ba duk jan abu ne ke zama jini ba. Ba ta ko ɗaga kai daga tukunyar ba.

"Malamin naku ya taɓa haihuwa?"

"Mama, ai namiji ne."

"To riƙe kofin nan da hannu biyu."

Da na yi aure muka zauna a Kafanchan, inda maigidana yake koyarwa. Bayan haihuwata ta fari wani abu ya same ni da ban san sunansa ba. In na miƙe sai ɗaki ya juya. In jariri ya yi kuka sai in zauna in taya shi, ba tare da wani ya yi mini komai ba. Ƙarar cokali a kwano ma razana ni take yi. Maƙwabta suka yi ta kawo nasu: wannan ruwan ugu, ganyen miyar nan na kudu, da madarar gwangwani, wancan tumatirin gwangwani a cikin lemun malt. Mama ta iso da ƙullinta a cikin buhu, ta dubi gwangwanayen da ke kan tebur, ta ce maganin 'yan birni ke nan, wanda sai an nemi wuƙa kafin a buɗe shi. Wata guda ta yi a wurina. Da safe ta ba ni kofin, ta ɗauki jariri ta goya, ta zauna a bakin gado tana murza mini tafin ƙafa da man kaɗanya, tana waƙar sujada da yarenmu a hankali. Har yau ban san wanne ne ya tashe ni ba, ruwan ko hannun. A lokacin ban damu in sani ba.

Shekaru suka wuce. Baba ya rasu a asibiti, 'yan'uwana maza suka watsu, ɗaya Kaduna, ɗaya Jos. Ni ce ta kusa, don haka duk ƙarshen wata nakan hau mashin in je in kwana ɗaya. A wata damina na fara lura Mama tana shara a zaune a kan kujerar tsuguno. Na tambaye ta, ta ce gajiyar gona ce. Wata na gaba na ga ta tsaya sau biyu tsakanin rijiya da ɗakin girki. Ta ce bokitin ne ya yi nauyi. Tukunyar karan dafi kuwa kullum tana gefen murhu, ita ma tana sha. Sai hankalina ya kwanta. Na dubi bakinta, leɓenta ja, harshenta ja, kamar na budurwa. Na ce a raina, wadda ta san jinin kowa a ƙauyen nan ai ba za ta rasa sanin nata ba.

Kuma a wurinmu yaro ba ya kai hannu fuskar babba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini haka, amma na sani kamar yadda na san ba a tsallake ƙafar uwa. Babba ne ke duba ƙarami. Mama kuwa ta kai shekarun da kusan duk waɗanda suka girme ta sun koma gida wurin Ubangiji.

Wata Laraba ina kasuwa wajen masu doya, sai na ji an kama mini zani ta baya. Ƙawar Mama ce, wadda suke zama a benci ɗaya a zumuntar mata tun kafin a haife ni. Jikarta ce ta kawo ta ganin likitan ido, don yanar ido ta rufe mata gani. Da muryata ta gane ni. Na durƙusa na gaishe ta.

"Bar gaisuwar nan," in ji ta. "Ke wace irin 'ya ce? Ran Lahadi uwarki ta kasa hawa matakalar coci. Matakala uku! A waje ta yi sujada, a ƙarƙashin mangwaro. Kin duba idonta?"

"Ni? Yaya zan yi in duba idon Mama?"

"To wa zai duba? Ni da ko fasto ba na gani sai ya yi magana? Na ja mata fatar idon, ta ce mini, me kika gani? Na ce hazo. Muka yi dariya. Amma numfashinta ba na dariya ba ne, 'yata. Kunnena dai bai mutu ba."

Washegari da sassafe na tafi. An fara haƙar citta, na iske Mama a inuwar gwanda, kwando a gabanta, tana tsaga citta da ƙaramar wuƙa don a shanya a kan dutse. Kamar kullum ta kama haɓata ta duba ni, ta ce da sauƙi. Hannunta sanyi ƙalau, ga rana ta ɗaga. Na ɗauko wata wuƙa na zauna kusa da ita. Muka yi ta tsagawa. Ta ba ni labarin akuyar maƙwabci da ta shiga gonar wake, da wanda ya yi sabon rufin kwano. Kwando ɗaya ya ƙare, na jawo na biyu. Yatsuna suna zafi saboda yajin citta, ina ta addu'a a zuci, ya Ubangiji ka ba ni bakin magana.

Da rana ta kusa tsaka na je na wanke hannuna da sabulu sau biyu, don kada yaji ya shiga mata ido. Na dawo na durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa.

"Mama, ki gafarce ni. Ina so in duba idonki."

Ta ajiye wuƙar. Ta dube ni.

"Makauniyar nan ce ta aiko ki."

"Mama, ki yi haƙuri."

"Yau kuma likita muka samu a gida. Ashe kuɗin makarantar bai tafi a banza ba."

Amma ta ɗaga fuskarta. Da kanta ta juya ta wajen rana. Na kama haɓarta, fatar ta yi laushi kamar tsohon zani. Na ja fatar idon. Fari fat, kamar cikin rogo. Na duba ɗayan, haka. Ga leɓen nan ja a ƙasa, wanda na yi wata huɗu ina kallo ina gode wa Allah.

Na fashe da kuka. Ta ce in yi shiru kada maƙwabta su ɗauka mutuwa aka yi. Sannan ta faɗa mini da yarenmu cewa ta sani. Tun ana shukar gyaɗa ta duba a madubi. Ta ninka karan dafin, ta ƙara zogale, ta sha kwana bakwai sau ba adadi, jinin bai dawo ba.

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Mama?"

"In faɗa wa wa? In mata suka ji mai maganin jini ba ta da jini, wa zai ƙara kawo mini 'yarsa?" Ta share mini hawaye da bakin zaninta. "Kuma na san inda za ku kai ni. Babanku da ƙafarsa ya shiga wurin."

Na ce mata kawai ba zan tashi daga durƙuson nan ba sai ta ce to. Ta ci gaba da tsaga citta kamar ba ni a wurin. Ta tsaga guda goma ko fiye. Tsakuwa tana cin gwiwata. Can ta ce, "Tashi ki kwashe shanyar nan tukuna. Ba zan bar wa kaji wahalata ba."

Washegari a asibiti a Kafanchan likita ya ce akwai gyambo a cikinta da ke zubar da jini kaɗan-kaɗan, shi ya sa duk abin da ta sha bai tsaya ba. Ya ce za a yi maganin gyambon, amma sai an ƙara mata jini a ranar. Mama ta ce ita ba za a ɗura mata jinin wanda ba ta san uwarsa ba. Na ce nawa za a ɗiba. Da haka ta yarda.

Na je ɗakin gwaji na miƙa hannu da ƙarfin zuciya. Bayan ɗan lokaci nas ta fito da takarda tana girgiza kai.

"Madam, ke ma naki da ƙyar yake riƙe da ke. In muka ɗiba, gado biyu za mu nema."

Da na koma na faɗa wa Mama, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Da sauƙi na ce miki jiya, ban ce ya cika ba. Kin daina shan abin kirki, sai shayi."

Maigidana yana tsaye a bakin ƙofa, ya taso daga makaranta da alli a hannun rigarsa. Tun da muka yi aure bai taɓa zama a ɗaki ɗaya da Mama ya ci abinci ba. In ya je gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon gefe. Ticha take kiransa. Sai kawai ya bi nas ɗin. Da aka gwada, nasa ya dace da nata.

"Jinin suruki?" in ji Mama. Ta ja zanin gado ta rufe fuska. "Yesu! Da wane ido zan ƙara kallonsa?"

Daga bakin ƙofa ya amsa, kansa a ƙasa. "Mama, ai kin san uwata. Tare kuka yi baftisma."

Zanin ya ɗan motsa. Ban sani ba ko dariya take yi ko kuka. Can ta fito da hannu ɗaya daga ƙarƙashinsa ta miƙa wa nas.

Na zauna kusa da ita ina kallon ledar da aka rataye, jinin yana sauka ɗigo-ɗigo. Ta leƙo ta dube shi, ta ce bai kai nata kyan launi ba. Kafin la'asar tafin hannunta ya fara ɗumi a cikin nawa.

Kwana tara ta yi. Ranar da aka sallame ta muka ɗauki keke mai ƙafa uku zuwa gidanmu, ni da ita a baya, maigidana a gaba kusa da direba. Da muka zo daidai kasuwa ta bugi ƙarfen keken ta ce a tsaya. Ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗi, ta ce in je wurin mahauta in sayo hanta, ta saniya, mai kyau, kada in bari su haɗa mini da huhu. Na ce likita ya ce ta bi abinci a hankali. Ta ce wa ya ce ita za ta ci?

A tsakar gidana ta sa na hura gawayi. Ta zauna a kujerar tsuguno, ta yanka hantar da kanta, ta barbaɗa gishiri, ta gasa ta sama-sama yadda cikin zai rage ɗan ja. Ta hana ni taɓawa. Da ta gama ta ɗaga murya.

"Ticha! Zo nan. An ɗebe maka leda guda, kana yawo kamar ba a yi komai ba."

Ya zo ya durƙusa daga nesa, ya miƙo hannu biyu zai karɓi kwanon ya tafi ɗaki. Ta janye kwanon. Ta nuna masa tabarmar da ke gabanta.

"Nan za ka ci, ina gani. Zauna, ɗana."

Ya zauna. Mutum mai furfura a gemu, yana cin hanta a gaban surukarsa, kunya ta hana shi ɗaga kai, ita kuma tana ƙirga lomarsa tana cewa saura wannan, saura wancan. Ni ina bakin murhu ina fifita gawayin da ba ya bukatar fifita.

Damina biyu Ubangiji ya ƙara mana da ita bayan wannan. Ta koma benci ɗaya da ƙawarta, ta ga auren jikarta ta fari. Tun daga ranar ba ta sake ce masa Ticha ba. Duk ƙarshen wata tare muke zuwa, shi da ni, su zauna a tabarma ɗaya suna gardamar farashin citta, in kawo musu abinci a kwano ɗaya. Ranar da muka kai ta makwancinta, shi aka riƙe saboda kuka.