Kabejin Chollom

A kasuwar Farin Gada akwai wata mai sayar da kabeji, ta ɗora rigar sanyi a kan zani, ta jingina waya da tarin kayanta, ta ƙure mata murya. Saƙo ɗaya take ta maimaitawa. Ni kuwa na tsuguna ina jujjuya karas kamar mai saye, alhali kunne na kasa.

Ɗanta ne, da alama kuku a jirgin ruwan dakon kaya. "Mama, Chollom ne. Kwananmu ashirin da uku a teku. Ganye ya ƙare, sai abincin gwangwani. Amma yau mun ga tsuntsaye, mun kusa gaɓa."

Nan take na hau jirgin a zuci. Ga tukwane a ɗaure kan murhu, ga ƙarti sun yi cirko-cirko suna hangen ƙasa, wani na aske gemun wata guda. Ni da kwalekwalen tafkin Rayfield ya sa ni amai a gaban 'ya'yana!

Ta zaɓi kabejin da ya fi ƙoshi, ta goge shi da bakin zani, ta tura ƙarƙashin buhu.

Na ce, "Mama, wancan nake so."

"Na Chollom ne."

Sai na gyara murya irin ta masana. "Ai kafin ya sauka Legas ya hawo Jos, kabejin ya ruɓe."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Oga mai kunne, wata takwas ke nan ina jiransa, kullum sabo nake ware masa."

Na kwashi karas ɗin da na gama murzawa, ko ragi ban nema ba.